Taku Uku

A bayan Agbowa, inda kwalta ta gaji ta koma jar ƙasa,
nan na sayi fili da kuɗin goron da na tara a Agege.
Rogo a gabas, bijimai bakwai a yamma,
tsakani kuwa tofa ce, ta fi ni tsawo,
in ta bushe, ko tari ka yi sai ta amsa.

Motar kashe gobara tana Ikorodu.
Mun san lambarta, mun kuma san gosulo.
Bara waccan ta iso bayan isha'i,
ta haska toka da fitila, ta juya.

Sai Bale ya tara mu a gindin kanju,
masu takarda da masu haya, har Fulanin bakin fadama.
Wata ma'aikaciya ta shimfiɗa taswira a benci,
ta danne ta da kwalbar ruwa, ta ce:
"Wuta ba ta karanta takardar fili.
Kowa ya ba da taku uku daga iyakarsa,
a share shi tas kamar tafin hannu."

Iya Sikira ta bayar. Jauro Ori ya bayar.
Baba Odusote, wanda muka shekara huɗu ba ma gaisawa
a kan kututturen kwakwa guda,
ya ce sai na fara.
Na ce sai ya fara.
Aka watse.
Layi ya zagaye gonaki kaf,
sai a wurinmu ya bar giɓi.

Aka raba aiki ban da mu:
usur a wuyan Tanimu, jarkoki a keken ɗan Sikira,
famfon feshi aka wanke shi, aka ɗura ruwa.

Wata Laraba bayan azahar
'yan farautar gyazbi suka cinna daga can.
Na ji ta kafin in gan ta,
kamar mata ɗari na suyar gyaɗa.
Shirwa ta cika sama tana jiran fara.
Wuta ta zo bakin layi, ta tsaya,
ta sunsuna, ta bi gefe, ta bi gefe,
har ta sami ƙofar da ni da Baba muka bar mata.

Ba ni da bakin kiran kowa.
Amma usur ya yi kuka,
sai ga su da ɗanyen ganyen kwakwa.
Jauro ya datse igiyoyi, ya yi wa bijimaina wani kira,
suka bi shi kamar shi ya raine su.
Iya tana ihu da Yarabanci, ina amsawa da Hausa,
bokiti yana jin duka biyun.
Wani a gefena, fuska ɗaure da tsumma,
yana dukan wuta kamar ta ci masa bashi.
Sai da ya yi tari na gane shi.
Shekara huɗu ina jin tarin nan ta bayan shinge.

Da magariba muka ƙirga:
rabin rogona, ayabarsa goma sha biyu.
Kututturen da muka kai ƙara sau biyu a kansa
ko gawayin shayi bai bari ba.

Da safe na fito da fartanya,
na tarar ya riga ni.
Ya auna nasa uku. Takun tsoho gajere ne.
Na ga haka, ban ce komai ba,
na auna nawa, na ƙara ɗaya.

Yanzu sunana na cikin littafin Tanimu,
lamba sha tara, aikina bokiti.
Ni da Baba har yau ba mu iya hira ba.
Shi ya koyi "sannu",
ni ma ina ƙoƙarin tasa gaisuwar,
yana dariyar yadda nake karya ta.
Tsakaninmu taku bakwai na ƙasa tsirara,
ba nawa ba, ba nasa ba,
duk wata muna haɗuwa a kai da fartanya.